Wa Ke da Wurin Zama a Da'irar Karatu? Daga Majalisin Shehu a Zamfara zuwa Yaran Gubar Dalma na Bukkuyum da Anka

Gabatarwa

 

A watan Maris na shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, suka ci karo da mace-macen ƙananan yara da ya wuce misali a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka na Jihar Zamfara. Da farko an ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. Da aka gwada jinin yaran sai ta bayyana gubar dalma ce, wadda ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu, wasu dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu. Yaran da ba su kai shekara biyar ba a lokacin, shekarunsu sun kama tsakanin 15 da 20 a 2025. Ma'ana, duk tsawon shekarun da ya kamata su yi a gaban malami, a makarantar allo ko Islamiyya ko firamare, sun yi su ne bayan annobar.

Mafi yawan abin da aka wallafa kan wannan lamari ya fito ne daga alƙalamin likitoci da masana muhalli, kuma sun sauke nauyin da ke kansu. Wannan maƙala ta dubi lamarin ta fuskar tarihin ilimi. Manufarta ita ce ta nuna cewa tambayar wanda ya cancanci wurin zama a da'irar karatu tsohuwa ce a ƙasar Zamfara, an taɓa amsa ta fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma annobar 2010 ta sake dawo da ita da wata fuska da ta fi ta farko wuyar ganewa. Daga nan maƙalar za ta ja hankalin ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin nazarin addinin Musulunci ga aikin da ya rataya a wuyansu.

Majalisin Shehu a ƙasar Zamfara

A wajejen shekarar 1201 ta Hijira (1786/87 Miladiyya) Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shiga ƙasar Zamfara yana wa'azi da karantarwa, ya kuma zauna a cikinta kimanin shekara biyar. A wancan zamani daular Zamfara ta riga ta raunana tun bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa, kuma daga baya ne gidan sarautar ya tabbata a Anka. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda ya kasance tare da shi a tafiyar, ya ba da labarinta a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Ya bayyana cewa jahilci ya yi wa mutanen ƙasar katutu, kuma maza da mata kan zo majalisin a cakuɗe, har sai da Shehu ya koya masu hukunci ya raba masu wurin zama.

A cikin wannan tafiya ne wani malami Babarbare mai suna Mustafa Goni ya aiko wa Shehu da baitoci yana neman ya hana mata halartar wa'azinsa. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba shi amsa da baitoci. Taƙaitaccen abin da amsar ta ƙunsa shi ne, jama'ar Shehu ba su yarda da cakuɗuwa ba, hasali ma su ne ke hana ta, amma barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta masu ya fi muni. Wannan ita ce ƙa'idar da malaman fiƙihu suka sani ta ɗaukar mafi sauƙi daga cikin cutarwa biyu. Daga baya Shehu ya sake nanata matsayin a Nurul Albab, inda ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta mayar da wannan fahimta tsari ta hanyar 'Yan Taru, inda jajoji kan ɗauki karatu daga wurinta su kai wa matan karkara da ba za su iya barin gidajensu ba.

Abin lura a nan shi ne hanyar da aka bi wajen warware matsalar. Da aka ga zaman majalisi yana da illa a yadda yake, sai aka gyara tsarin zaman, aka bar masu neman ilimi a wurinsu. Da aka ga wasu ba za su iya zuwa ba, sai aka aika masu da malami. Nauyin daidaitawa ya hau kan mai karantarwa. Wannan shi ne ainihin abin da masana ilimi na wannan zamani ke nufi da aji mai tafiya da kowa.

Abin da magabata suka shimfiɗa kan haƙƙin ɗalibi

Matsayin Shehu yana da tushe a cikin Alƙur'ani da Sunna da kuma mazhabar Malikiyya da ya tashi a cikinta. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi bin Ummi Maktum (R.A.), makahon da ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya shagalta da manyan Ƙuraishawa. Wannan sahabi ya zamo ladan a Madina, kuma an sha wakilta shi a kan birnin idan Annabi (S.A.W.) ya fita. Aɗa'u bin Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, yana da lalurar ƙafa da ta hannu, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya makance. Imam Shaɗibi mai ƙira'a (ya rasu 590 Hijira), wanda har gobe ake haddace manzumarsa, makaho ne.

Ta fuskar tarbiyyar yara kuwa, malaman Ƙairawan sun yi rubutu tun da wuri. Muhammad bin Sahnun (ya rasu 256 Hijira) ya wajabta wa malami adalci tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka a littafinsa Adabul Mu'allimin. Ya taƙaita bulala zuwa uku sai fa da izinin uba, ya sa goma ta zamo iyakar da ba a ƙetarewa, ya kuma hana duka cikin fushi da dukan kai ko fuska. Abul Hasan Ƙabisi (ya rasu 403 Hijira) ya bi sahunsa, ya ƙarfafa tausasa wa yaro. Ibn Khaldun (ya rasu 808 Hijira) ya keɓe fasali a Muƙaddima kan illar tsananta wa masu koyo, inda ya nuna cewa tsanani kan gadar da kasala da ƙarya da yaudara, ya kuma yi kira da a riƙa ba da ilimi kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da hankalin ɗalibi zai iya ɗauka.

Tsarin makarantar allo a ƙasar Hausa ya gaji wani kaso mai kyau na wannan fahimta. Kowane yaro da allonsa. Wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya kusa sauka, duk a zaure ɗaya, kuma ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai. Babu jarrabawar ƙarshen shekara da za ta jefar da wanda ya makara. Makaho kan ɗauki karatu da ka har ya zamo alaramma, kuma jama'a ba su ɗauki hakan abin mamaki ba. Sai dai tsarin ya dogara ƙwarai ga abu biyu, natsuwa da ƙarfin riƙewa, kuma dorina tana hannun malami ko gardi domin wanda aka ga ya gaza a kansu. Waɗannan abubuwa biyu su ne gubar dalma ta fi yi wa lahani.

Hanyar gwamnati: daga warewa zuwa haɗawa

Karatun boko ya bi wata hanya dabam game da masu buƙata ta musamman. Makarantun farko 'yan mishan ne suka kafa su, kamar makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, kuma tsarinsu shi ne a ware yaro daga tsararrakinsa a kai shi wurin da aka tanada. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe domin ilimi na musamman, a wannan shekara kuma aka samar da kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo. A 1994, a taron Salamanka na ƙasar Sifen, wakilan gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar da kowa ke zuwa ita ce ta fi dacewa ta karɓi kowane yaro. Nijeriya ta kafa dokar ilimin bai-ɗaya a 2004, sannan a watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa.

Duk waɗannan tanade-tanade sun fi saurin kama naƙasar da ido ke gani, wato makanta da kurumta da gurguntaka. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu alhali jikinsa lafiya lau, yana gudu yana kiwo yana noma, ba ya shiga lissafi sai an gwada shi, kuma ma'aikatan da ke irin wannan gwaji sun fi yawa a manyan birane.

Annobar 2010

Tashin farashin zinare a kasuwar duniya ya ja manoman yankin zuwa ramukan haƙa. Akan kawo duwatsun gida a buhuna, a farfasa su da guduma, a niƙa su a injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke garin, a shanya a tsakar gida. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar kuwa ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai, ta bi abinci da ruwan sha. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyukan 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka a tsakiyar 2010 ya gano cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 na da maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta gindaya a lokacin domin wurin wasan yara 400 ce.

An buɗe wuraren jinya a Bukkuyum da Anka. Masarautu sun ba da umurni a fitar da aikin niƙa daga cikin gari. Kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith sun jagoranci kwashe saman ƙasar gidaje da maye ta da mai tsabta a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, waɗanda suka haɗa da 'Yargalma da Tungar Guru da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan matasa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Wannan jinkiri ya yi tsada, domin likitoci ba sa ba da maganin ga yaron da zai koma cikin gida mai guba. Kafin MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha a 2022, ta gwada yara fiye da 8,000.

Abin da guba ke bari a ƙwaƙwalwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Maganin da aka yi amfani da shi a Zamfara ya ceci rayuka, amma wani babban gwaji da aka yi wa yara 780 a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2001, ya nuna cewa irin wannan magani na rage dalma a jini ba tare da ya dawo da kaifin fahimtar da aka rasa ba.

Binciken da ya fi kusa da maudu'in wannan maƙala shi ne na Dakta Herbert Needleman na 1979 a jihar Masacusets. Ya tattara haƙoran da yaran firamare suka famfare, ya auna dalmar da ke ciki, sannan ya nemi malamansu su bayyana halayensu a aji ba tare da sun san sakamakon awon ba. Yaran da dalma ta fi yawa a haƙoransu su ne malamai suka fi kwatantawa da saurin shagala da kasa dagewa kan aiki da kasa bin umurni. Da aka sake bibiyar su bayan shekara 11, sai aka tarar sun fi sauran yawan barin makaranta da matsalar karatu. Waɗannan yara ba su taɓa nuna alamar ciwo a fili ba, kuma abin da ke jikinsu bai kama ƙafar na yaran 'Yargalma ba.

Idan aka fassara waɗannan halaye zuwa harshen zaure, sunayensu sanannu ne: daƙiƙi, mai taurin kai, mai ƙiriniya, mara jin magana. Malamin da ya biya wa yaro aya sau goma, washegari ya tarar babu komai, zai iya ɗauka wasa ne ya yi masa yawa, ya ƙara masa bulala. Ibn Sahnun ya halatta ladabtarwa ne domin amfanin yaro, a kan sakacin da yake da ikon bari. Duka a kan abin da ba ya cikin ikon yaro ya fita daga ladabtarwa ya koma zalunci, ko da malamin bai yi nufi ba. Haka kuma, bisa al'adar tura yara almajiranci, yaron da ya sha ƙurar a Tungar Guru yana iya ƙarewa a tsangayar Gummi ko Gusau ko Zariya, gaban malamin da bai taɓa jin labarin ƙauyensu ba.

Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. Bayan sace ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da na Kaya a watan Satumba na wannan shekara, an rufe makarantun jihar na wani lokaci. A watan Janairun 2022 'yan bindiga sun kai munanan hare-hare kan ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran da guba ta taɓa su ne kuma suka tashi cikin firgici da gudun hijira. Akwai kuma wani al'amari da ya shafi gaba: dalma kan taru a ƙashi ta zauna shekaru, ta kuma koma cikin jini a lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. 'Yan matan 2010 yanzu sun kai munzalin aure.

Aikin da ke jiran masu bincike

Malaman usulu, tun daga Gazali har Shaɗibi mai Muwafaƙat, sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin ta tsare. Saboda haka wannan lamari na cikin farfajiyar nazarin addinin Musulunci, kamar yadda yake cikin ta likitanci. Jihar na da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da jami'ar jiha a Talatar Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Maru, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ana iya zayyana fagage huɗu da kundin digiri zai yi amfani a cikinsu.

Na farko, tattara shaidar malaman allo da na Islamiyya da na firamare da suka karantar a waɗannan ƙauyuka kafin 2010 da bayanta. Binciken Needleman ya nuna cewa idon malami ma'auni ne abin dogaro, kuma wannan shaida tana gushewa da mutuwa da ƙaura. Na biyu, nazarin fiƙihu kan ladabtar da yaro mai raunin fahimta, da gwargwadon abin da ya wajaba a koya masa na farillan ainihi, a rubuta shi da Hausa da ajami yadda alaramma zai karanta ya gamsu. Na uku, gwada dabarun da tsarin allo ya riga ya ba da dama gare su: rage tsawon abin da ake rubuta wa yaro, yawaita tilawa, haɗa shi da gardi mai haƙuri, da buɗe masa ƙofar sana'a ba tare da an yanke shi daga karatu ba. Na huɗu, nazarin rawar da limamai da masu wa'azi da malamai mata za su taka wajen hana dawo da niƙan dutse cikin gida, wanda ya zamo wa'azi irin na jajojin Nana Asma'u.

Wajibi ne kuma a faɗi haɗarin da ke tattare da aikin. Ba kowane yaro mai jinkirin fahimta ba ne guba ta taɓa, domin yunwa da zazzaɓi mai tsanani da firgici duk suna barin irin wannan tabo. Ɗalibin nazarin addini ba likita ba ne, sai ya haɗa hannu da masana lafiya da na halayyar ɗan'adam. Mafi girman haɗari shi ne tambari. Idan bincike ya sa aka fara kallon samarin wani ƙauye a matsayin masu taɓin ƙwaƙwalwa, ya zamo ana gudun auren 'yan matansu, to ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa. Sirrin iyali amana ne, suturta Musulmi kuma wajibi ne. Dole a nemi yardar iyaye da ta shugabannin gari, a sakaya sunaye, kuma kada malami mai duba kundi ya tura ɗalibi inda ransa zai shiga haɗari.

Kammalawa

An ga yadda majalisin Shehu a Zamfara ya zaɓi gyara wurin zama a kan korar masu neman ilimi, da yadda malaman Malikiyya suka ɗaure hannun malami da sharaɗin adalci da tausasawa. An ga kuma yadda annobar 2010 ta bar wa makarantun Bukkuyum da Anka yaran da lalurarsu ba ta bayyana ga ido. An kwashe ƙasa mai guba daga gidajen ƙauyuka takwas, an kuma ba dubban yara magani. Abin da ya saura yana hannun malamai, da waɗanda ke horar da malamai, da ɗaliban da ke neman maudu'in kundi. Yaron da ya kasa riƙe aya yana da haƙƙin a tambayi dalili kafin a ɗaga masa dorina, kuma samar da amsar wannan tambaya farilla ce ta kifaya a kan ma'abota ilimi na wannan yanki. Allah ne Mafi sani, kuma gare Shi ake neman dacewa.